TARIHIN BABULE: YADDA KAKANNINMU SUNKA SA RIGAR KUMANDAN

Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba, kuma in an gama kada a ajiye ta ƙarƙashin tabarma, a miƙa ma na gaba.

Dalilin wanga rubutu shi ne ƴaƴanmu da anka haifa Kumasi, da Abijan, da Legas. Can inda suke ana ce musu baƙi. In sun zo ganin gida kuma, yara su riƙa yi ma Hausarsu dariya, ana ce musu ƴan kurmi. Da yawa cikinsu sun ji sunan Babule, ko sun ga wata tsohuwar silima inda mutanen ƙasarmu ke tafiyar soja suna fidda kumfa ga baki. In sun tambaya, tsoho shi yi shiru, ko shi ce a bar wagga magana. Mun ga shirun ga ya daɗe, shi ya sa munka ce bari mu tattara abin da anka sani mu rubuta. Ba mu zo yanke hukunci bisa bori ba, wannan aikin malamai ne, kuma kowa ya san abin da sunka faɗa. Tarihi muke badawa.

ABIN DA ƘASA TA GANI KAFIN 1925

Cikin shekarar 1899 rundunar nasaru biyu, Bule da Shanuwan, ta taso daga bakin Kwara ta nufi Tafkin Cadi. Inda duk ta bi sai ta kwashe hatsi da bisashe, ta kama maza su ɗauki kaya, ta sa ma gari wuta. Cikin watan Afrilu ta kai Lugu, inda Sarauniya Mangu da maharbanta sunka tare ta, kana sunka janye cikin daji. Cikin watan Mayu anka yi kisan Birnin Ƙonni, wanda har yau mutanen garin ba su manta ba. Labarin ɓarnar ya kai Faransa, anka aiko Kanar Kulob shi karɓi rundunar, amma Bule ya sa anka harbe shi kusa da Dankori ran 14 ga Yuli. Cikin ƴan kwanaki sojojinsu da kansu sunka kashe Bule da Shanuwan, kaburburansu na nan Maijirgi, ƙasar Tasawa. Sauran rundunar ta wuce ta ci Damagaram ƙarshen wannan watan.

Akwai abu guda da ya kamata yara su gane. Nasarun da ke cikin rundunar ga ƴan kaɗan ne. Masu riƙe da bindigogi baƙaƙen fata ne kamarmu, waɗanda anka ɗebo daga ƙasashen yamma. Haka kuma mulkin ya zamna bayan yaƙi. Kumandan guda ne cikin bariki, amma gardi, da tafinta, da mai karɓar lampo, duk ƴan ƙasa ne.

Bayan bindiga sai lampo, wanda a hankali anka ce ba a karɓar wuri, sai kuɗin nasara. Sai aikin dole: gyaran hanya, ginin bariki, ɗaukar kaya daga gari zuwa gari, babu lada, wani lokaci tsakiyar damana. Doka ta ba kumandan ikon rufe mutum kaso ba tare da shari'a ba, da farko har kwana 15. Yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914 ta iske mutane cikin wanga hali. Tana wucewa anka shiga ɗibar samari zuwa yaƙin duniya na farko. Waɗanda sunka ɗaga makami, kamar mutanen Kobkitanda da na Karma cikin 1905 da 1906, ko Kawusan na Azbin cikin 1916 da 1917, an murƙushe su. To, mutumen da anka hana ma magana, anka karɓe ma makami, ina za shi kai abin da ke cikinshi?

SHIBO DA MUTANEN KURFAI

Amsar ta fito wajen 1925, ƙasar Kurfai, wajajen Filinge, da maƙwabciyarta Arewa. Wata mace mai suna Shibo, mutuniyar Shikal, ta tashi da wasu iskoki waɗanda masu goge ba su san kirarinsu ba. Iskokin da anka saba da su na daji ne, da na ruwa, da na gidajen sarauta na dauri. Waɗanga kuwa sojoji ne. In sun hau mutum sai shi miƙe ƙyam, shi sara, shi yi tafiyar fareti, shi riƙa tsawa da wani abu mai kama da Faransanci. Suna kama wuta da hannu, suna goga ta ga jiki. Hausawa sunka ce musu Babule. Wasu sunka ce ai wannan hauka ne, kalmar kuwa ta bi su, har Zabarmawa sunka ɗauke ta daga bakinmu, su ma Hauka suke ce musu.

Sunayen iskokin abin dubawa ne. Akwai Gwamna, da Janar Maliya, da Kafaran Gardi, da alƙali, da matar lokotoro. Babbansu kuwa Istambula ake ce mishi, kuma mabiya na cewa Musulmi ne. Maliya ita ce Bahar Maliya da alhazai ke ƙetarewa. Ke nan tufafinsu da muƙamansu na bariki ne, asalinsu hanyar gabas, kiɗansu goge da ƙwarya irin na kakanni. Tun ranar farko abin gauraye yake.

Samari da ƴan mata sunka bi Shibo gari gari. Sunka sassaƙa bindigogin icce, sunka raba ma juna muƙamai, sunka daina jin maganar sarki. Kurfayawa da can ba su da sarki guda bisa kansu duka, nasara ne ya ɗora musu Gado Namalaya a Filinge, kuma ta hannunshi lampo da aikin dole ke fitowa. Masanin tarihi Fuglestad, wanda ya binciki takardun bariki ya yi rubutu bisa wanga al'amari cikin 1975, ya nuna cewa fushin mutanen ya fi sauka bisa sarautar da anka ƙaƙaba musu. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinshi, sai da maratayinshi.

KUMANDAN MUGU

Kumandan na Yamai a lokacin sunanshi Krosikiya, mutumen tsibirin Korsika. Da labari ya kai gare shi, ya sa anka kamo su. Bisa abin da dattawa sunka gaya ma Jan Rush daga baya, kamar mutum 60 anka kawo Yamai, anka rufe su kwana uku, ana dukansu har sai kowa ya faɗa da bakinshi cewa babu wani abu wai shi Hauka. Kana anka sake su.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar wanga tarihi. Ba a daɗe ba sai ga wani sabon iska ya bayyana cikin Babule, mai zafin rai, mai zagi, mai duka. Sunanshi Korsasi, wato mutumen Korsika, an kuma fi saninshi da Kumandan Mugu. Mutumen da ya doke su don su ce babu iskoki, shi da kanshi ya koma iska cikinsu. Krosikiya ya ci gaba da aikinshi har ya zama gwamnan Kwaddibuwa cikin 1939. Amma can ƙauyukan Kurfai da Arewa, in goge ya kira Kumandan Mugu dole shi zo, shi sauka jikin talaka, a yi mishi kirari, a roƙe shi, in an gama a sallame shi.

Duka bai kashe abin ba. Cikin 1926, shekarar da anka maida babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, da 1927, mabiya sunka ƙaru. Wasu sunka bar garuruwansu sunka kafa nasu cikin daji, inda ba sarki ba lampo. Sai nasara ya aiko sojoji cikin 1927, anka watsa su, anka kama shugabanni, anka kai su nesa da gida, wasu ƙasar Mosi, wasu Kwaddibuwa.

HANYAR KURMI

Tafiya Gwanja fataucin goro tsohuwar hanya ce ga Bahaushe. Amma cikin waɗanga shekaru tafiyar ta canza kama. Samari sunka riƙa gudu Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana yanzu, don neman kuɗin lampo da tsere ma aikin dole. Yunwar 1931, wadda fara ta kawo yammacin ƙasarmu alhali ba a daina karɓar lampo ba, ta ƙara tura su. Can sunka zama ƴan dako a bakin teku da kasuwannin Ankara da Kumasi, masu haƙar zinariya, masu aikin gonar koko, masu yankan ciyawa. Suna kwana zango, mutum goma ɗaki guda.

Babule sunka bi su. Da yake can Ingilawa ke mulki, iskokin sunka koyi Ingilishi bisa Faransancinsu. Sababbi sunka shigo, irin abin da ɗan ƙauye ya iske cikin birni: direban jirgin ƙasa, mai mota, babban sakatare. Ingilawa ma sun yi ƙoƙarin hana su cikin shekarun 1930, abin bai hanu ba. Ran Lahadi, da babu aiki, sai mabiya su fita bayan gari su yi wasansu. Ku duba wanga mutum da kyau: an haife shi Kurfai ko Zabarma, shina salla, shina dako ma Bature ko ɗan Siriya, shina jin Hausa da Zabarmanci da ɗan Tuwi, ran Lahadi kuma Gwamna ne. Wanda ke ganin gaurayar ƴaƴanmu sabon abu ce, shi tuna da kakansu.

SILIMAR JAN RUSH

Cikin 1954 wani Bafaranshe mai binciken al'adu, Jan Rush, wanda ya daɗe shina bin sawun ƴan bidarmu, ya ɗauki hoton babban wasan shekara na Hauka a wata gona bayan Ankara. Mabiyan ne sunka gayyace shi. Silimar ta fito cikin 1955 da sunan Les maîtres fous, sunan da ke iya nufin iyayen gida mahaukata, ke kuma iya nufin gwanayen hauka.

Ga abin da ke ciki. An yi ma wani suri fenti, an ce shi ne fadar gwamna. An rataya ƙyallaye a matsayin tuta. Masu gadi na riƙe da bindigogin icce. Iskoki na sauka ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin tafiyarshi, ana sara ma juna, ana faɗa bisa wanda ya fi wani girma. An fasa ƙwai bisa kan gunkin gwamna, sai Rush ya nuna gwamnan Ingila na gaske wurin fareti da farin gashin tsuntsu na zubowa bisa hularshi, don mai kallo shi gane abin da ake kwaikwayo. Daga nan anka yanka kare, anka zauna taron shawara irin na bariki bisa ko a ci shi ɗanye ko a dafa. Sunka dafa, suna sa hannu cikin tafasasshen ruwa suna ɗauka. Cin abin da kowa ke ƙyama shi ne shaidarsu cewa a lokacin ba mutane ba ne. Wanshekare Rush ya bi su wurin aiki, ya iske su lafiya lau suna dariya, wasu cikin kasuwa, wasu na haƙar ramin ruwan famfo gaban asibitin mahaukata na Ankara.

Da anka fara nuna ta Paris, kowa ya yi fushi. Malamin Rush, Marsel Griyol, ya ce a lalata ta. Ɗaliban Afirka da ke wurin sunka ce za ta sa a ɗauki baƙar fata dabba. Ingilawa sunka hana nuna ta Gwalkwas, don sun ga da su ake. Duk da haka ta ci kyauta birnin Benis cikin 1957, kuma manyan masu wasan kwaikwayo na Turai, irin su Jan Jene da Pita Buruk, sun ɗauki darasi daga gare ta. Usman Sembene na Senegal kuwa ya zargi Rush da cewa shina kallon mutanen Afirka kamar mai binciken ƙwari. Mu kanmu ra'ayinmu ya rabu. Wasu na cewa ya tona mana asiri, wasu na cewa in ba don shi ba da ba mu ga fuskokin mutanen ga ba. Rush ya rasu cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni cikin 2004, an binne shi Yamai.

WASA NE KO BA WASA BA?

Da Hausa kalma guda ce. Muna cewa wasan bori, muna cewa wasan kwaikwayo, muna cewa wasan kara, wanda samarin Damagaram ke yi suna kwaikwayon masu mulki da kayan da sunka haɗa da karan dawa. Amma akwai bambanci. Mai wasan kara ya san kwaikwayo yake, in ya gama shi ba ka labari. Dokin Babule kuwa cewa yake ba shi ba ne, bai ma san abin da ya faru ba.

Masana sun kasa fassarar gida uku. Na farko sun ce ba'a ce: talaka ya gano cewa mulkin nasara tsawa ce da tufafi da fareti, ya kwaikwaye su don jama'a ta yi dariya, tsoro shi ragu. Na biyu sun ce neman ƙarfi ne: mutanen sun ga wanga baƙo na da wani sirri da ya fi nasu, sunka nemi shigo da shi cikin gida yadda bori ya saba karɓar Filani da Buzaye cikin iskokinshi. Na uku sun ce magani ne. Ba'amurken nan Pol Stola, wanda ya zauna ƙasar Zabarma ya fidda littafi bisa Hauka cikin 1995, ya nuna cewa jiki na ajiye abin da baki bai faɗa ba. Mu a ganinmu duka ukun na iya zama gaskiya wuri guda, don mai kallon Babule shina dariya, shina kuma ja da baya.

Maganar jikin nan mun san ta tun ba mu karanta ta ba. Wane ne cikinmu bai san tsohon da ke tuɓe hula hannu na rawa in ya ga mai kaki ba, ko da yaron da ya haifa ne? Wace uwa ce ba ta tsorata ɗanta da gardi ba? Akwai gidajen da anka riƙa ɓoye yara cikin rumbu in an zo ɗaukar ƴan lakwal, don iyaye sun ɗauka wani aikin dolen ne. An soke aikin dole cikin 1946, mun samu mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, amma tsoron ya bi nono. Wanda anka doka gaban matarshi bai ba ƴaƴanshi labari ba, sai dai su ga zafin rai da shirun da ba su san mafarinshi ba. Labarin zuciya a tambayi fuska.

WAƊANDA SUNKA BIYO BAYA

Bayan Gana ta samu mulkin kai cikin 1957 wasan ya ragu can, kuma korar baƙi da gwamnatin Busiya ta yi cikin 1969 ta maido dubban mutanenmu gida. Babule sunka samu wurin zama cikin sauran iskoki, Arewa, da Adar, da Maraɗi, har Kano, inda ake ce ma irinsu Turawa. Ƙasar Zabarma har aikin korar mayu anka ba su. Daga baya wa'azi ya yi ƙarfi, bori ya ja baya a garuruwa da yawa.

Amma aikin fidda ciwo ta hanyar wasa bai tsaya ba, hannu ya canza. Umaru Ganda, wanda ya yi ma Faransa yaƙi Indoshin, ya kuma yi dako Abijan, ya fara fitowa cikin silimar Rush, kana ya ɗauki na'urar da kanshi. Silimarshi Kabaskabo, wadda anka nuna birnin Kan cikin 1969, labarin tsohon soja ce da ya komo gida, abokai sunka cinye kuɗinshi sunka watse. Abdullahi Mamani ya rubuta littafin Sarauniya cikin 1980, Med Hondo ya maida shi silima cikin 1986, ta ci babbar kyautar Wagadugu cikin 1987. Yazi Dogo da ƴan wasanshi sun sa ƙasa duka dariya da Hausa bisa halin ma'aikaci da talaka. Cikin 2020 kuma wani saurayi Femi Nailanda, haifaffen Ingila mai asali da Nijeriya, ya bi sawun Bule cikin wata silima, ya zauna da jikokin waɗanda anka kashe, sunka ba shi labari kamar jiya abin ya faru. Shi ma ɗan tsakiya ne kamar ƴaƴanmu.

ABIN DA MUKE ROƘO

Ba mu ce kowa shi koma ga goge ba. Abin da muke cewa shi ne, Shibo da mutanenta ba abin kunya ba ne. Talakawa ne da ba su da bindiga ba su da alƙalami, sunka yi amfani da abin da ya rage musu, wato jikinsu, har kumandan ya ji tsoronsu ya rufe su.

Dattawa, waɗanda sunka ga aikin dole da idonsu sun kusa ƙarewa, amma ku kun ji daga bakinsu. Ku faɗi wace hanya ce mutanen gidanku sunka gina, wa anka ɗauka soja bai komo ba, wa ya tafi kurmi anka daina jin labarinshi. Samarin da sunka yi lakwal su zamna kusa da ku su rubuta, da suna da shekara in an sani. Ku kuma na bida, in yaro ya tambaye ku shi ɗan ina ne, kada ku kore shi. Ku gaya mishi sunan garin kakanshi da dalilin da ya fidda shi daga gida. Mu na gida kuma mu daina yi ma Hausarsu dariya, don kuɗin dakon kakansu ne ya biya lampon gidajenmu.

Wanda ya san wani abu da ba mu faɗa ba, ko ya ga inda munka yi kuskure, shi aiko a gyara. Allah shi jiƙan magabata, shi maido matafiya gida lafiya, shi ba mu damana mai albarka. Amin.